Wata shida a zauren koyon jimnastik na 'yan mata a Jidda

'Yata mai shekara tara ta nace sai ta koyi wasan sanduna biyu masu bambancin tsawo tun ranar da ta ga Kaylia Nemour ta Aljeriya ta ci zinare a kansu a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Na sa ta a wani zaure da ke arewacin Jidda, yanzu wata shida ke nan, kuma kusan kowane darasi ina zaune a gefe ina kallo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai horarwar ta ƙi yin gaggawa. Sandar sama a gasa ta ɗan haura mita biyu da rabi, ta ƙasa kuwa santimita 175, amma sai da yaran suka shafe makonni suna lilo kawai a sandar da aka sassauto musu, ƙarƙashinsu katifu masu kauri. Ta bayyana mana cewa idan yarinya tana gangarowa dole ta miƙe jikinta sosai, domin nauyinta ya yi nisa da sanda ta tara ƙarfi, idan kuma ta wuce ƙasa ta fara hawa sai ta ɗan tanƙwara ƙirji da ƙugu, jikin ya gajarta, gudun juyawar ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa hawa lilon igiya a gindin bishiya ya san wannan a jikinsa, ko da bai taɓa jin bayaninsa ba. A daidai ƙasan lilon ne hannu ke ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki, shi ya sa mai horarwar take tsayawa kusa, tafinta a bayan yarinyar, tana cewa kada a lanƙwasa gwiwar hannu, kada a ɗaga kai.

Ranar da 'yata ta fara ɗago kanta daga lilo zuwa kan sanda ba tare da an tallafe ta ba, ta sauko hannayenta fari fat da allin da ake shafawa don kada hannu ya zame, wani bororo ya fashe a gindin yatsarta ta tsakiya, ta ce, "Umma, kin gani?" Nan take mai horarwar ta wanke wurin, ta naɗe shi, ta kuma ba ni shawarar in jinkirta sayen fatar riƙo, wato fatar da ake ɗaurawa a tafin hannu don kama sanda, har sai tafin ya yi kauri kuma yarinyar ta fara manyan juyi.

Inda zauren ya gaza shi ne cunkoso. Yara goma sha biyu ne ke layi a kan sanduna guda, saboda haka rabin sa'ar a jira take ƙarewa, ƙurar alli kuma tana cika ɗakin har masu asma su riƙa tari. Na kai kuka ofis sau biyu, aka yi alkawarin raba ajin, har yau shiru. Duk da haka na sake biyan kuɗin wata uku, na dai mayar da ita ajin safiyar Asabar, inda yaran ba su wuce shida ba.