Sodiyam da kulorin: mai bayarwa da mai karɓa

Ƙanwata 'yar aji biyu na babbar sakandare a Tudun Wada, kin tambayi abin da ke rikita ɗalibai da yawa: me ya sa fotasiyam, da ke ƙasan sodiyam a jadawalin sinadarai, ya fi sodiyam saurin haɗuwa da wasu, alhali a gidan kulorin na samansa ne, wato fulorin, ya fi shi? Mu ajiye sodiyam da kulorin kusa da juna, za ki ga inda zancen yake.

Atam (ƙwayar zarra) na sodiyam yana da ilektoron 11, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye cibiyarsa zagaye-zagaye, jerinsu daga ciki zuwa waje 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, jerinsu 2, 8, 7. Lambar ƙarshen nan ita ce ta ilektoron na zagayen waje, waɗanda ake kira na balens, kuma da su ake ƙulla haɗi tsakanin atam da atam. Sodiyam ɗaya tak ya yi masa yawa: in ya sake shi, ya koma 2, 8 kamar niyon. Kulorin kuwa ɗaya ya rage masa: in ya samu, ya zama 2, 8, 8 kamar agon. Iskokin niyon da agon, da nasu zagayen ya cika, kusan ba ruwansu da kowa.

Wanda ya taɓa ganin sodiyam a ɗakin gwaji ba ya mantawa. A cikin kananzir ake ajiye shi don kada iska ta taɓa shi. Yana yankuwa da wuƙa, wurin yankan ya yi ƙyalli, nan take kuma ya dushe. A jefa ɗan mitsitsi a ruwa, sai ya narke ya dunƙule, yana zagaye saman ruwan yana tsuwa, haidurojin na fita. Duk wannan rawar ƙafa ta rabuwa da ilektoron ɗaya ce. Kulorin kuma iska ce mai guba, launinta tsakanin rawaya da kore, kuma kwaɗayin ilektoron ɗin da take da shi ne ya sa ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a ruwan famfo.

Idan suka haɗu, sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa, ɗaya ya ɗauki caji mai ƙari, ɗaya mai ragi, suka riƙe juna gam. Gishirin miya ke nan, wanda sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyas yake narkewa. In kulorin bai sami mai ba shi ba, sai ya yi tarayya da ɗan'uwansa kulorin a kan ilektoron biyu, irin haɗin da Gilbert Lewis ya bayyana a 1916.

To, ga amsarki. Cibiyar atam tana jan ilektoron kamar yadda maganaɗisu ke jan allura: nisa na ƙaruwa, ƙarfin jan na raguwa. Fotasiyam jerinsa 2, 8, 8, 1 ne. Ilektoron ɗinsa na waje ya fi na sodiyam nisa, ga zagaye uku sun shiga tsakaninsa da cibiya, don haka sakinsa ya fi sauƙi. Shi ya sa fotasiyam kan kama da wuta mai launin shunayya da zarar ya taɓa ruwa. Mai neman karɓa kuwa kusanci yake buƙata. Fulorin jerinsa 2, 7 ne, zagayensa na waje dab yake da cibiya, sai ya fi kulorin fizgar ilektoron. Nisan da ke taimakon mai bayarwa shi ke kawo wa mai karɓa cikas.

A ganina haddace "yana ƙaruwa ƙasa, yana raguwa ƙasa" shi ke kayar da ɗalibai a WAEC da JAMB, don a zauren jarrabawa biyun kan cakuɗe. Gara ki rubuta jerin ilektoron tukuna. Ki gwada da litiyam, mai 2, 1, ki faɗa mana ko ya kai sodiyam zafi a ruwa, da dalilinki.