Taswirar Gaul ta ƙarni na 5: ta yi kyau, amma akwai gyara

A wani kantin littattafai kusa da Babbar Kasuwar Yamai ana sayar da wata taswirar bango cikin Faransanci, wadda ke nuna ƙasar Gaul, wato Faransa ta yau da wasu yankunan da ke maƙwabtaka da ita, a lokacin da daular Rum ta yamma ke gab da rugujewa. Takardar tana da kauri kuma an lulluɓe ta da leda, saboda haka ƙurar hunturu ba ta yi mata illa, tsumma kawai za a sa a goge.

Abin yabawa shi ne jajayen kibau da ke nuna ƙetarowar sojoji daga Birtaniya: na Magnus Maximus a 383 da na Constantine na Uku a 407, waɗanda dukansu suka nemi sarautar Rum, sannan na Riothamus, wani shugaban mutanen Birtaniya, wanda marubuci Jordanes ya ce ya zo da mutum 12,000 domin taimaka wa sarkin Rum Anthemius, amma Euric, sarkin ƙabilar Bisigot, ya fatattake su a garin Déols, a tsakiyar Faransa ta yau, wajen shekarar 470.

Inda na ga kasawa shi ne dangantakar ƙabilar Faranka da mutanen Bretagne, yankin arewa maso yammacin Faransa da 'yan Birtaniya suka ƙaura zuwa cikinsa. An shafa wa yankin Bretagne launi ɗaya da masarautar Clovis, sarkin Faranka, alhali ko da yake marubucin tarihi Grégoire na Tours ya rubuta cewa mutanen yankin sun koma ƙarƙashin Faranka bayan rasuwar Clovis a 511, biyayyar ta baki ce, domin a 578 sai da sarkin Faranka Chilperic ya aika da runduna kan shugabansu Waroch. Sunayen garuruwan kuma sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ɗalibin da ke bencin baya ba zai iya karanta su ba.