Gargaɗi: A Kula da Mai Tallar "Tsohon Zanen Sojojin Holan" a Intanet

Jama'a, musamman 'yan uwanmu mazauna Turai da masu sha'awar kayan tarihi, a buɗe ido. Akwai wani da ke bin mutane ta Facebook da WhatsApp da hoton wani zane: sojoji a ɗakin gadi, biyu na buga karta, ɗaya na zuƙar lofe, ga ganima zube a ƙasa. Wai gadon kakansa ne a Amsterdam, matsi ya sa zai karyar da shi, amma sai ka fara tura kuɗin kwastan da na jirgi.

Ni ma ya zo mini, kuma na kusa rufta, don zanen ya yi kyau ba ƙarya.

Irin wannan zane akwai shi da gaske. Mutanen Holan na ce masa "kortegaard", ya yi tashe tun lokacin da ake yaƙin shekara 80 da Sifaniya, wanda ya ƙare a 1648. Pieter Codde da Willem Duyster a Amsterdam, da Jacob Duck a Utrecht, su ne gwanayensa. Da waɗannan sunaye mutumin ke rufe wa mutane baki.

Ga inda asirinsa ya tonu. Takardar shaidar da ya turo ta ce Duyster ne ya zana a 1652. To ai Duyster ya mutu tun 1635! Ko daga kabari ya ɗauko buroshi? Na ce ya ɗauko mini hoton bayan zanen. Ya yi kwana biyu yana kwana-kwana, da ya turo sai ga farin ƙyalle fes an danne shi da ƙusar sitefila, alhali akasarin ƙananan zanen nan a kan allon katako aka yi su. Gidajen tarihi irin su Rijksmuseum suna sakin hotunan kayansu kyauta a intanet, kowa na iya saukewa ya buga a ƙyalle, ya shafa banis mai duhu ya ce tsoho ne.

Kada ka tura ko sisi kafin ka sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google. Ka nemi jerin waɗanda suka mallaki zanen a baya, ka ce sai ƙwararren da kai ka zaɓa ya gani da idonsa. Da na faɗa masa haka, nan take ya toshe ni. Jiya kuma na ga zanen a wani sabon shafi, yanzu ya koma na Codde.