Lekki, Apapa ko Onne: ta ina ya kamata kwantenarka ta sauka?

Duk wanda ke sayo kaya daga Guangzhou ko Yiwu zuwa Kantin Kwari ko Sabon Gari ya san cewa wahalar ba a kan teku take ba. Jirgi zai yi makonni shida ko bakwai ya iso lafiya lau. Ciwon kai yana farawa ne ranar da aka sauke kwantena a ƙasa, domin daga nan agogo ke fara lissafi: kamfanin jirgi na jiran kuɗin jinkiri, wato dimorej, masu tasha kuma na cajin kuɗin ajiya kullum. Saboda haka kafin ka ce wa mai lodi a Chaina ga tashar da zai rubuta a takarda, ka yi tunani sosai. Da zarar jirgi ya taso, sauya ta abu ne mai tsada.

Ni dai tashar Lekki da ke Legas nake zaɓa, ban kuma ɓoye ba. An buɗe ta a Janairun 2023, ta fara karɓar jiragen kasuwanci a Afrilun wannan shekarar. Zurfin ruwanta mita 16.5 ne, ya fi na Apapa da Tin Can, shi ya sa manyan jirage ke iya shigowa da lodinsu kai tsaye, ba sai an juye kayan a ƙaramin jirgi a wata ƙasa ba. Wanda kayansa suka taɓa kwana biyu a Lome suna jiran jirgin da zai ƙarasa da su ya san darajar wannan. Injinan ɗaga kwantena sababbi ne, akwai na'urar binciken kaya, kuma wani reshen kamfanin jiragen ruwa na CMA CGM ne ke tafiyar da sashen kwantenoni. Abin da ya fi burge ni a matsayina na ɗan Arewa shi ne hanyar fita: tirela za ta bi ta Epe zuwa Ijebu-Ode ta kama hanyar Ibadan, ba ta kutsa cikin tsakiyar Legas ba. Tana da nata aibin. Layin dogo bai kai can ba, hanyar kuma ana raba ta da tankokin matatar Ɗangote, sannan ba kowane kamfanin jirgi ke zuwa ba. Ka tambayi mai lodinka tun da wuri.

Apapa uwa ce, ma ba da mama. Kamfanin APM Terminals ke riƙe da sashen kwantenoninta tun 2006, jirage sun fi yawa, ejan-ejan masu fitar wa mutane kaya daga tasha ma sun fi yawa, kuma layin dogon Legas zuwa Ibadan ya shiga har cikinta. Tsarin Eto da aka kawo a 2021 don tsara shigar motoci ya rage cunkoson da ya sa tireloli ke kwana a kan gada, amma har yau ban daina fargabar hanyar ba. Tin Can an fi saninta da motoci, amma ita ma tana sauke kwantenoni. Onne da ke kusa da Fatakwal ta fi dacewa da 'yan Aba da Onitsha. Tashar Kwatano ta ƙasar Benin kuwa, wanda ya ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da yadda kayan 'yan'uwanmu na Nijar suka maƙale a gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin 2023, ba ya buƙatar wa'azi.

Amma wallahi duk wannan lissafin banza ne in ka faɗa hannun mugun ejan. Ni na faɗa. Wani ne aka haɗa ni da shi, mai fara'a, kullum "Alhaji kwantar da hankalinka". Na tura masa kuɗin fito cif, ya turo min hoton rasit. Ashe ya rage darajar kayan a takarda, ya biya kaɗan, ya soke sauran a aljihu. Aka tsayar da kwantenar, wayarsa ta daina shiga. Na biya cikon kuɗin, na biya tara, na biya dimorej na kwanakin da ta yi a zaune, kayan da na sayo don kasuwar Sallah suka iso Kano bayan an sauko daga Idi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, da sunan kamfanina nake buɗe shi, a bankina, haka ma PAAR, wato takardar da kwastan ke kimanta kaya da ita kafin su iso. Kuɗin kwastan da hannuna nake biya a banki, ladan aikinsa kawai ejan ke karɓa. Takardar lodi ta asali ba ta barin hannuna sai na ga lasisinsa na kuma je ofishinsa da ƙafata, ba a harabar otal ba. Duk wanda ya ce zai fitar maka da kwantena mai ƙafa 40 a rabin abin da kowa ke biya, ƙarya zai rubuta da sunanka, kuma kai za a kama a hanya, ba shi ba. In kayanka na buƙatar SONCAP, wato shaidar ingancin kaya, ko izinin NAFDAC, ka kammala kafin a yi lodi, kada wani ya ce maka "za mu san yadda za a yi".

Ga kuma masu buɗe shafi a Facebook da WhatsApp da hoton jami'i cikin kaki, suna tallar kwantenar shinkafa ko motocin gwanjo, suna neman kuɗin fom a asusun wani mutum. Damfara ce zalla. Akwai kuma kuɗin jinginar da kamfanin jirgi ke riƙewa har sai an mayar da kwantena babu kaya: da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba su ma san ana mayar da shi ba, ejan ke karɓewa ya yi shiru. Ka sa a rubuta shi da sunan kamfaninka, ka kuma yi yarjejeniya da direba a rubuce kan ranar da zai mayar da kwantenar Legas.

Masu tambayata game da tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki a Kano, wadda aka buɗe a 2023, da ta Kaduna da ta riga ta tun 2018: in kana son a buɗe kayanka a gida, dole sunan tashar ya fito a takardar lodi tun daga Chaina, kuma ka nemi kuɗin ɗaukowa daga Legas a rubuce kafin ka amince.