Asibitin dabbobin da suka zo mana har gida ranar da dokina ya sanƙare

Toh 'yan uwa masu dawaki, akwai wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a nan Kano da likitansu ke bin mutum har gida, na yi hulɗa da su kwanan baya kuma wallahi da na san abin da likitan nan ya koya min tun farko da akawal ɗina, wato baƙin dokina, bai sha wahalar da ya sha ba.

Saura kwana goma sallah ƙarama muna shirin hawa sai na ce a ƙara masa abinci ya cika ya yi kyau, dawa safe da yamma ga gero ga dusa, kuma azumi ne ga zafi, yaron barga ya yi kwana huɗu bai fita da shi kilisa ba, yana turke yana ci kawai. Ran da aka fita da shi bayan la'asar aka ɗan sakar masa linzami, ko minti goma sha biyar ba a yi ba sai takunsa ya gajarce, ƙafafun baya kamar an dabaibaye su, can ya tsaya cak gumi na tsiyaya. Na taɓa ƙugunsa da cinyoyinsa na ji tauri kamar itace, in ka danna sai ya zabura. Da ya yi fitsari kuwa kalar baƙin shayi mai kauri, a nan hankalina ya tashi.

Na kira asibitin, gaskiya ban ji daɗin yadda suke ɗaukar waya ba, sai a kira na uku, kuma likita bai iso ba sai bayan isha'i. Amma tun a wayar ya ce min "Alhaji dan Allah kar a ja shi, a cire sirdi a ba shi ruwa, in gida za a kai shi a nemo mota." Lokacin kuwa mutane sun taru kowa na cewa a zagaya da shi jiki zai sake, ashe da mun bi tasu da tsokar ta ƙara yagewa.

Yana zuwa ya ɗebi jini ya sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda, sai da ruwa ya shiga jiki sosai sannan ya yi allurar rage ciwo, ya ce in aka yi wa dabbar da ruwan jikinta ya ƙafe wannan allurar tana iya taɓa ƙoda. Muna zaune kan benci ruwa na ɗiga ya dinga yi min bayani a tsanake, kuma wannan shi ne abin da ya sa zan sake kiransu. Ya ce kusan rabin nauyin doki tsoka ce, a cikinta akwai wasu zarurruka ƙanana masu jan juna, abin da ke ba su ƙarfin jan shi ake kira ATP, kuma wanda ke ajiye a tsoka 'yan daƙiƙoƙi kawai yake yi ya ƙare dole jiki ya dinga ƙera sabo babu tsayawa. In tafiya ce a hankali kitse ake ƙonawa da iskar numfashi, in sukuwa ce sai a faɗa wa sukarin da ke ajiye cikin tsokar don shi ya fi saurin ba da wuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko sakin tsoka ma sai da ATP ɗin, shi ya sa rago in an yanka shi bayan 'yan awanni sai ya sandare.

Abin da ya samu nawa, hatsi mai yawa ba motsi sannan aiki farat ɗaya, sai ƙwayoyin tsokar suka farfashe, jan sinadarin da ke riƙe iska a cikin nama ya malala cikin jini, ƙoda ta tace shi, shi ne baƙin fitsarin. Wai Turawa tun zamanin da dawaki ke jan amalanke suke ce masa ciwon safiyar Litinin, don a huta Lahadi a ci hatsi a ƙoshi, Litinin da safe a ɗaura kaya doki ya ƙame.

Ya kuma ja min kunne kan gishiri. Gumin doki ya fi jininsa gishiri, shi ne farin da kake gani ya bushe a ƙarƙashin sirdi, kuma kanwar da muke ba su ba ta maye gurbin gishirin girki. Sannan in doki ya yi aiki mai tsanani sukarin tsokarsa kan kai kwana uku kafin ya dawo daidai, toh ku duba mu da muke hawan sallah, washegari daushe, washegari Nasarawa a kan doki ɗaya.

Kuɗinsu da ɗan tsada musamman na zuwa gida, kuma sakamakon jinin sai da na yi ta bibiya kwana uku kafin a turo min ta WhatsApp, wannan ya kamata su gyara. Amma bai cusa min magani ba, ni da kaina na ce ya rubuta min allurar ƙarfi irin wadda ake sayarwa a kasuwa ya ce a'a, harawa da ingirici su yawaita, ran da ba a fita ba a rage hatsi sosai, kilisa kullum ko da taku ne. Ya dawo duba shi sau biyu, na biyun bai karɓi ko sisi ba.

Akawal bai yi hawa a sallar ba, dokin ƙanina na ara. Yanzu kullum bayan asuba yaron barga na fita da shi, taku na minti ashirin kafin a bar shi ya ɗaga ƙafa, kuma fitsarinsa nake fara dubawa in sun dawo.