Kafin ka sayi hannun gem: sandar maganaɗisu ko ƙyale-ƙyalen kwali?

Kowace shekara sai kamfanonin gem sun fito da wani abu sun ce daga yau wasa ya canza. Wasu gaskiyarsu ce. Wasu kuwa ɗaukar ido ne, kafin ɗokin sabon kaya ya sake ka har ka manta akwai abin. Tambayoyi uku nake yi in rarrabe su: abokan hamayya sun kwaikwaya? Masu haɗa wasanni sun ci gaba da aiki da shi? Shi kansa kamfanin da ya kawo shi ya riƙe shi, ko ya yar?

Nintendo 64 ta zo da sandar analog, wato 'yar sandar da ake turawa da babban yatsa a jikin hannun gem (abin sarrafa wasa), a 1996, Sony ta biyo da DualShock mai sanda biyu da girgiza a 1997, yau kuwa babu hannun kirki da ba shi da su. Virtual Boy na 1995, gem ɗin Nintendo da ake leƙa cikinsa, mai hoto ja da baƙi, kafin 1996 ta ƙare an daina yin sa. Kinect, kyamarar da ke bin motsin jikin mai wasa, ma haka: Microsoft ta haɗa shi dole da Xbox One a 2013, ta cire shi daga kwalin a 2014, ta daina ƙera shi a 2017. Hoton 3D na ƙaramar na'urar 3DS kuwa, Nintendo da kanta ta fitar da 2DS marar shi a 2013. Idan mai kaya ya janye abinsa, ai magana ta ƙare.

A ɓangaren na'ura, abu biyu na yarda da su a 'yan shekarun nan: Switch ta 2017 da ake wasa da ita a talabijin kuma a ɗauke ta a hannu, da ma'ajiyar SSD ta PS5 da Xbox Series da ta rage zaman jiran wasa ya buɗe. Tambarin 8K, mai alkawarin hoto tangaran, da aka buga a kwalin PS5 na farko, daga baya Sony ta cire shi.

Amma inda zuciyata take shi ne sandar analog, domin nan aka fi cutar mai saye. Yawancin hannuwa, har na manyan kamfanoni, a cikin sandarsu akwai ɗan ƙarfe da ke gogar wani siririn layi na gawayin kabon. Da wannan gugar na'ura ke gane inda ka karkata. Kullum ana guga, layin na cinyewa, ƙura na shiga, wata rana sai ka ɗauke yatsa amma ɗan wasanka ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ko kyamara ta riƙa zamewa gefe. Na taɓa riƙe hannun da ya fara yi min haka ana tsakiyar wasan ƙwallo, maɓallansa lafiya lau, batir lafiya, amma ya tashi daga aiki saboda wani abu da bai kai ƙwayar wake ba. Tun daga nan sanda nake fara tambaya, sauran su biyo baya.

Maganin ba sabo ba ne. Masanin kimiyya Edwin Hall ya gano tun 1879 cewa maganaɗisu na karkatar da lantarkin da ke gudana a jikin ƙarfe, kuma ana iya auna wannan karkatar. Sandar da ake kira ta Hall da wannan take aiki: ɗan maganaɗisu na motsi kusa da na'urar aunawa, ba sa taɓa juna, don haka babu abin da zai cinye. Sega ta sa irinta a hannun Dreamcast tun 1998. Abin ya dawo da ƙarfi bayan ƙorafin zamewar sandar Joy-Con, hannuwan Switch, wanda ya kai Nintendo ga gyara kyauta a Amurka daga 2019, a Turai kuma daga 2023. Yanzu GuliKit da 8BitDo da GameSir duk suna da hannuwa masu wannan sanda, akwai kuma ƙanwarta mai suna TMR, ita ma ta maganaɗisu ce, ta fi ta tattalin batir. Ba na cewa sandar maganaɗisu ba ta mutuwa. Sifirin da ke maido ta tsakiya na iya saki in ya tsufa. Sai dai babbar cutar an kawar da ita, kuma amfanin ba a ranar saye za ka gan shi ba, sai bayan shekara ta zagayo.

Kunamar DualSense, hannun PS5, wato maɓallan L2 da R2 da ake ja kamar kunamar bindiga, mai tauri da laushi, ta 2020, tana da daɗi a wasannin da aka gina dominta, amma masu gasar harbi da yawa kashe ta suke yi. DualSense Edge ya ba da damar cire sanda a sa wata, sai dai mai gugar ce dai za ka mayar. Fitilu masu launi batir kawai suke ci.

To, tunda kalmar Hall ta yi farin jini, 'yan jabu sun shigo. Buga ta a kwali ba ya cin komai. Akwai hannuwan da kunamar L2 da R2 kaɗai ce ta maganaɗisu, sandar kuwa tsohuwar mai guga ce, amma an rubuta Hall ɓaro-ɓaro a gaba. Karanta bayanin baya da kyau, ka ga an ambaci sanda ƙarara. Akwai masu wata dabarar: a kashe fili mai faɗi a tsakiyar sanda ta yadda ƙaramin motsi ba ya shiga, sai zamewar ta ɓuya, kai kuma ka rasa saiti. Akwai jabun DualShock 4, hannun PS4, da kwalinsu da tambarinsu ba ka raba su da na asali, sai ka ɗaga ka ji ba nauyi, allon taɓawar maɓalli ne zalla, ramin abin sauraro kuma ba ya fitar da sauti. Ga kuma ƙananan na'urori masu alkawarin wasanni dubu goma, ka buɗe ka tarar wasa ɗaya an maimaita shi da suna iri-iri. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Gwajin ba shi da wahala. Haɗa hannun da kwamfuta ko waya, ka buɗe ɗaya daga shafukan gwada hannun gem na intanet. Saki sandar ka ga ko ɗigon ya tsaya a tsakiya. Tura ta kaɗan-kaɗan ka ga ko yana amsawa tun daga farko. Sannan kawo maganaɗisu mai ƙarfi kusa da ita ba tare da ka taɓa ba: ta Hall yawanci lambobinta za su motsa, mai guga kuwa ko gezau.

Kafin ka biya, ka tabbatar hannun zai yi da na'urarka. PS5 da Xbox sun fi son hannuwa masu lasisi, kuma wanda ya yi aiki a kwamfuta da Switch ba lallai ya yi a kansu ba. Mai Xbox zai iya duba GameSir G7 SE, yana da lasisi da sandar Hall, sai dai da kebul yake aiki. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda ka gwada, ya kuma ƙi ba ka damar maidowa, bar masa kayansa.