Kilinikin Ciki da Hanta ko Zaman Kallo a Babban Asibiti: Wanne Za Ka Biya?

Dakta, tunda gurbin horon ƙwarewa a Amurka kake nema bayan kammala karatun likita, tsakanin biyun da ka kawo, wato mako huɗu a kilinikin sha-ka-tafi na likitan ciki da hanta a Amurka, da mako huɗu na zaman kallo (bin likitoci kana kallon aikinsu kawai) a babban asibitin jami'a, ɗauki kilinikin. Sharaɗi biyu ne: likitan ya kasance yana koyar da likitoci masu horon ƙwarewa a wani asibiti, kuma a ba ka a rubuce cewa kai da kanka za ka riƙa ganin majinyata a ƙarƙashin kulawarsa.

A can ba a shiga fannin ciki da hanta kai tsaye. Sai ka yi shekara 3 a intanal medisin, wato fannin cututtukan cikin jiki na manya, sannan ka nemi wasu 3 na ƙwarewa. Saboda haka abin da za ka fito da shi daga wannan watan wasiƙar shaida ce da za ta shiga ERAS, shafin da ake neman gurbin horon ƙwarewa ta cikinsa, kuma shugaban shirin intanal medisin ne zai karanta ta. So yake ya ji ko ka iya ɗaukar tarihin ciwo, ka gabatar da shi cikin minti biyu ko uku, ka rubuta bayani mai tsari. Likitan da bai ga ka yi ba, me zai rubuta?

Kiliniki mai kyau, aikinsa akwai daɗi. Da safe yawanci ɗakin endoskofi ne, inda ake leƙa ciki da hanji da kyamara. Nan kallo za ka yi, kada kowa ya ruɗe ka cewa za a miƙa maka na'urar. Amma za ka ga dalilin da ya sa ake raba maganin wanke hanji da ake sha kafin a leƙa babban hanji kashi biyu, rabi da dare, rabi da asuba, da yadda rashin wanki mai kyau ke ɓoye ƙananan tsiro har a sake aikin. Da rana sai ɗakin ganin marasa lafiya. A tura ka ka fara shiga, ga dattijuwa mai ƙwannafi, ta sha maganin rage asid mako 8 ba sauƙi. Ka tambayi alamun haɗari: wahalar haɗiya, rama, ƙarancin jini, baƙin bayan gida. Ka fito ka gabatar, likita ya ce, "To, me za mu yi mata?" Idan ka ce a yi gwajin H. pylori (ƙwayar cuta mai jawo gyambon ciki) na numfashi ko na bayan gida, amma a dakatar da maganin asid mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta da maganin ciki na bismot kuwa mako 4, don kada sakamako ya nuna babu alhali akwai, to ka ba shi abin da zai sa a wasiƙarka.

Akwai abubuwan da kusan kullum sai an tambaye ka. Gwajin kansar babban hanji daga shekara 45 yake farawa ga wanda ba shi da ƙarin haɗari, tun shawarar 2021: kolonoskofi (leƙa babban hanji da kyamara) duk shekara 10 idan ba a ga komai ba, ko gwajin FIT, mai neman jini a bayan gida, duk shekara. Kitsen hanta, wanda aka sauya wa suna zuwa MASLD a 2023, ana fara tantance shi da lissafin FIB-4 daga shekarun majinyaci, gwaje-gwajen jini na hanta AST da ALT, da adadin filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Ciwon hanta nau'in C yanzu ƙwayoyi ne na mako 8 zuwa 12. Nau'in B kuwa, wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya saba da shi, sai dai ka riƙe hoton hanta duk wata 6 ga masu haɗarin kansa. Inda za ka ji kanka baƙo shi ne cutar Crohn da kumburin babban hanji mai gyambo da alluransu masu tsada. Karanta su kafin ka tashi.

Zaman kallo a babban asibiti, to, sunan yana ƙawata takarda. Amma ba taɓa majinyaci, ba rubutu a fayil, kana bayan ayarin mutane, wasu ma ba sa alkawarin wasiƙa. In da har yanzu kai ɗalibi ne, da na ce ka nemi horon ɗalibai na shekarar ƙarshe a asibitin koyarwa, ya fi duka biyun. Wannan ƙofar tana rufewa da zarar ka kammala.

Kilinikin ma yana da gurgunta: ba ya nuna ka san aikin majinyatan da aka kwantar. In aljihu zai ɗauka, haɗa shi da wata guda na zagayen gadaje a intanal medisin.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi dillalai, domin dubban daloli ake magana. Wasu za su liƙa hoton babban asibiti a talla, ka je ka tarar da ofis mai ɗaki uku, ɗalibai sun yi wa likita ɗaya yawa. Kada ka biya sisi sai an ba ka sunan likitan. Duba lasisinsa a shafin hukumar likitoci ta jiharsa, ka duba shaidar ƙwarewarsa a shafin ABIM, hukumar da ke ba likitocin intanal medisin shaidar ƙwarewa. Tambayi ɗalibai nawa ne a lokaci guda, takarda mai tambarin wa za a rubuta wasiƙar a kai, ko inshorar kuskuren aiki na cikin kuɗin, da nawa za a mayar maka idan biza ta ƙi. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, an tsaurara bizar Amurka ga 'yan Najeriya da Nijar a 2025, don haka fara duba matsayin bizar kafin ajiye kuɗi. Duk wanda ya ce maka "wasiƙa tabbas" tun bai gan ka ba, wasiƙa ɗaya yake sauya wa suna, masu tantancewa kuma sun saba ganin irinta.

Takardun lafiya su ne ke yawan jawo jinkiri: shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, ƙarambau, ciwon hanta nau'in B, da horon HIPAA na tsare sirrin majinyaci. Gwajin tarin fuka ka yi na jini, IGRA, saboda allurar rigakafin tarin fuka ta BCG da aka yi mana na iya sa na fata ya nuna akwai.

Shirya watan ya ƙare kafin Agusta. Nemi wasiƙar a mako na uku, ba ranar bankwana ba, ka zaɓi yafe haƙƙin ganinta, likitan ya ɗora ta da kansa a ERAS, tunda a ƙarshen Satumba shirye-shirye ke fara buɗe takardun masu nema.